Na faɗi da babur ɗin yayana, ga shi ya kusa dawowa daga Abijan

Assalamu alaikum. Ni saurayi ne ɗan shekara 22 a Tawa, ina koyon ɗinki. Yayana ya tafi cin rani Abijan, ya bar babur ɗinsa ja, 125, a hannuna. Ya ce in riƙa tayar da shi kada batir ya mutu, in kuma kai Inna asibiti ko kasuwa in buƙata ta taso. Sati biyu da suka wuce na ɗauke shi zuwa bikin abokina a wani ƙauye ta hanyar Kalfu, ban faɗa masa ba. A dawowa rairayi ya kwashe ni na faɗi ta dama. Ni dai gurjewa kawai na yi, alhamdu lillahi, amma tanki ya loɓa ya kuma kankare, gardabun gaba ya tsage, kunnen murfin gefe ya karye, hannun birki ya lanƙwashe, madubi ya fashe, salansa ta gogu. Kan babur ɗin ma kamar ya ɗan karkace. Mai gyara ya ce jaka 40, ni kuwa abin da na tara jaka 15 ne. Inna ta ce in lallaɓa in gyara kada ya ji, don yana da zafin rai, kuma da guminsa ya saya. Saura wata guda da 'yan kwanaki ya dawo Babbar Salla. Barci ya gagare ni. Yaya zan gyara da wannan kuɗi har ba za a gane ba?

Wani ƙane daga Tawa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu da arziki. Faɗuwa a rairayi da babur ta karya wa mutane da yawa ƙashin wuya ko na hannu, kai kuwa ka tashi da gurjewa, to wannan ita ce ribar farko. Rashin barcin da kake yi ma ban ga laifinsa ba, alama ce ta wanda kayan mutane ke da nauyi a zuciyarsa.

Amma bari in ba ka amsar tambayarka ta ƙarshe tun yanzu, don kada ka zuba kuɗinka a inda ba za su yi amfani ba. Da jaka 15 za ka iya mayar da babur ɗin nan lafiyayye, mai kyan gani daga nesa. Ba za ka iya mayar da shi yadda mai shi ba zai gane ba. Jan fenti shi ne ya fi kowane launi saurin koɗewa a rana irin ta Tawa, saboda haka duk sabon jan da ka fesa zai fi na sauran jikin haske. Yayanka kuma ya san tankinsa, tafin hannu kawai zai ɗora ya ji inda aka cike. In ya gano da kansa, laifi ya zama biyu, kuma na biyun ya fi na farko ciwo.

Inna ba ta yi maka mugun nufi ba. Uwa ce, ba ta son ganin 'ya'yanta biyu suna cacar baki ranar Salla, kuma tana tsoron a ce ita ta bar ka ka fita da shi. Sai dai shawararta tana jefa ta cikin maganar, domin ranar da abin ya fito zai tambaye ta ko ta sani. Shi ma yayan naka ka dube shi da idon adalci. Mutumin da ya bar gida ya je yana tara sisi sisi a ƙasar wasu, babur ɗin nan yana cikin 'yan abubuwan da zai nuna ya ce ga abin da na samu. Zai yi fushi, kuma yana da hakkin yin fushi. Malamai sun bayyana cewa wanda aka ba ajiya ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyakar da aka sa masa. Kai ka wuce iyakar, don bikin ƙauye ba ya cikin abin da ya yarje maka. To gyaran a wuyanka yake, kuma gara ka faɗi haka da bakinka kafin wani ya faɗa.

Ka kira shi cikin satin nan, tun yana nesa. Wata guda ya ishi zuciya ta huce, abin da ba za ta yi ba in ya sauka daga mota ya ci karo da loɓaɓɓen tanki a zaure. Ka fara sanar da Inna cewa za ka kira, ka roƙe ta ta sa baki bayan ka gama, ba kafin nan ba. Maganar kuma ta zama gajera: Yaya, na ɗauki babur zuwa inda ba ka ce ba, na faɗi, ga abin da ya lalace, ina da jaka 15, zan fara gyara, saura kuma zan biya a hankali. Ka tura masa hotuna ta WhatsApp daga kowane gefe. Kada ka ɗora wa rairayi laifi, kada ka ce ai abokai ne suka matsa. In ya yi faɗa ka yi shiru ka saurara. In kana ganin zafin zai yi yawa, ka nemi wani kawu ko aminin yayan da yake jin maganarsa ya kira shi daga baya. Akwai kuma wani dalili na aiki: fentin tanki shawara ce ta mai babur. Wataƙila ya ce a bar masa ya zo ya yi da kansa, wataƙila ya ƙaro maka kuɗi a yi mai kyau sau ɗaya.

Yanzu ga aikin. Abin da ya fi damunka shi ne tanki, ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne kan nan da ka ce ya karkace da hannun birki, don su ne za su iya kayar da Inna in ka goya ta. Hannun birki na irin waɗannan babura zubin alminiyum ne. In ya lanƙwashe aka miƙe shi da guduma, sai ya yi tsaga ta ciki wadda ido ba ya gani, ya zo ya ɓalle ranar da ka damƙe shi da ƙarfi. Ka saya sabo, yana cikin kayan da suka fi araha, ka tafi da tsohon don a gwada ramin noti da wurin shigar waya. Da yake ta dama ka faɗi, ka duba totur: ka murɗa ka saki, in bai koma da kansa nan take ba, robar hannun ta matse ko yashi ya shiga. Ka duba matakin birkin baya ko yana gugar salansa ko murfin inji, ka duba kik ko yana komawa wurinsa. Ka auna baƙin mai. In batir ɗin mai ruwa ne, ka cire murfi ka ga ko ruwansa ya zubo a kan ƙarfe lokacin da babur ya kwanta; in ya zubo, ka wanke wurin da ruwan da aka jiƙa bikarbonat a ciki, cokali ɗaya a kofi, kafin ya ci fenti da waya.

Karkacewar kai kuma sau da yawa ba lanƙwasa ba ce, sandunan shok na gaba ne suka murɗe a cikin maƙallansu. Makanike zai sassauta notin gindin taya, da notocin maƙallin ƙasa, da na gardabu, ya riƙe birkin gaba ya danna kan babur ƙasa sau biyar ko shida, komai ya koma mazauninsa, sannan ya ɗaure daga sama zuwa ƙasa. Aikin minti 20 ne. In bayan haka har yanzu babur yana ja gefe guda, ko ka ga mai yana tsatsafowa a sandar shok, ko shok ɗin yana maƙalewa in ka danna, to sandar ce ta lanƙwashe, kuma nan ne kuɗinka za su fara tafiya ko da tanki zai zauna da tabonsa. In ƙarfen kan ne kansa ya lanƙwashe, a canja shi, kada a gasa shi da wuta a miƙe. Ka ware wajen rabin kuɗinka don wannan sashe da madubi, abin da ya ragu ya koma kwalliya.

Robobi ne wurin da za ka yi wa kanka aiki kusan kyauta, in ka san irin robar da ke hannunka. Ka cire gardabu da murfin gefe, ka wanke su da omo, ka duba ta ciki. Sau da yawa akwai tambari, ABS ko PP. In babu, ka yanko ɗan mitsitsi daga gefen da ba a gani ka jefa a kofin ruwa: PP yana tasowa sama, ABS yana nutsewa. Bambancin yana da muhimmanci, domin sufa gulu ba ya kama PP ko kaɗan. Za ka liƙa da dare, da safe girgizar hanya ta raba su. Kowace iri ce, ka fara huda ɗan rami mai faɗin milimita 2 ko 3 a daidai ƙarshen tsagar, da ƙusa mai zafi ma ya isa. Ramin nan shi ke hana tsagar ci gaba. Sannan ka haɗa bakin tsagar daidai, ka manna salatif ta waje don ya riƙe, ka juya ciki.

Ka aro ƙarfen narka dalma na masu gyaran rediyo, mai wat 40 zuwa 60. Ka ɗiga narki a kowane santimita 2 don ya kama, sannan ka bi tsagar kana buɗe ɗan kwari har rabin kaurin robar. Ka yanko siririyar roba daga wani mataccen murfi mai irin tambarin naka, kana narkar da ita cikin kwarin tare da gefunan biyu. PP da ABS ba sa haɗuwa, in ka cakuɗa su za su ɓare. Don ƙarfi, ka yanko ragar ƙarfe ta taga mai faɗin yatsa biyu, ka shimfiɗa kan tsagar, ka danna da ƙarfen har ta nutse cikin robar, ka rufe ta da wani narkin. In ka ga hayaƙi ya yi yawa kuma robar tana baƙi, zafi ya wuce kima, ƙonanniyar roba kuma ba ta da ƙarfi. Ka zare wuta ka ɗan jira. A tsakar gida za ka yi wannan, iska tana kaɗa hayaƙin daga fuskarka.

Kunnen murfin gefe, in ABS ne, ya fi sauƙi. Ka kankare wurin da samfefa, ka mayar da kunnen, ka ɗiga sufa gulu, ka barbaɗa bikarbonat, nan take ya daskare ya yi tauri. Ka maimaita sau uku ko huɗu har ya yi tudu a gindin kunnen. Ka kula da yatsunka, haɗin yana zafi. In kunnen ya ɓace a hanya, ka lanƙwasa ɗan gwangwanin alminiyum mai kauri ka ɗaure shi ta ciki da ƙananan kusoshi biyu. Ka duba robar zoben da kunnen ke shiga, in ta bushe ka canja ta ko ka shafa mata ɗan sabulu, don busasshiyar roba ce ke karya kunnuwa tun ba a faɗi ba. Kafin ka sha duk wannan wahala ma, ka zaga wurin masu sayar da kayan matattun babura, ka kuma tambayi masu kawo kaya daga Ƙonni. Murfi na hannu mai launin naka wanda rana ta riga ta ci zai fi sabo dacewa da jikin babur ɗin. Ka tambayi farashi wuri uku kafin ka ciro kuɗi.

Sai tanki. Kafin komai ka tabbatar ba ya yoyo: ka cika shi, ka goge shi tas, ka barbaɗa hoda a loɓar da kuma layin haɗin da ke ƙasa, ka bar shi ya kwana. In hodar ta jiƙe, a nan kam ba aikinka ba ne. Kada ka bari kowa ya kusanto da wutar walda ko ta gas kusa da tankin da bai sha wanki na musamman ba, don tankin da aka juye esansinsa ya fi cikakke haɗari, tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa. Kada kuma ka yarda a hura masa iska da injin faci don loɓar ta fito. Abin da ke faruwa shi ne tankin ya buɗe ta ƙasa, layin haɗi ya tsage, loɓar kuwa tana nan.

In ba ya yoyo, ka duba irin loɓar. Mai faɗi marar kaifi takan fito in an manna kan noti uku ko huɗu da gam mai zafi a cikinta aka ja a hankali da filaya, daga gefe zuwa tsakiya. Mai layi kamar an naɗe takarda ba ta fitowa haka, sai mastik, wato kwaɓin da masu gyaran jikin mota ke cike loɓa da shi. Ka cire tanki daga babur, ka juye esansi, ka kankare fenti da samfefa lamba 80 har farin ƙarfe ya fito, ka wuce bakin loɓar da santimita 3. Mastik yana zuwa da ɗan bututun maganin daskarewa, ana sa kashi 2 cikin 100, wato in ka ɗebo kamar girman ƙwan zabo, ka sa maganin kamar ƙwayar wake. In ka cika maganin, daga baya zai ɓullo ta cikin fenti ya yi tabo. In ka rage, ba zai bushe ba, ya riƙa toshe samfefa. A bazara, da zafi ke haura digiri 40 a Tawa, minti biyu zuwa uku kawai gare ka kafin ya sandare, saboda haka ka kwaɓa kaɗan kaɗan a inuwa, ka shafa siriri sau biyu ko uku. Kaurinsa gaba ɗaya kada ya wuce milimita 3 zuwa 4, mai kauri yana tsagewa ya faɗo. Bayan rabin awa ka goge da lamba 80, sai 180, sai 320, samfefar tana naɗe a ɗan katako. In da yatsu ka goge, za ka bar kwaruruka da ba za ka gani ba sai fenti ya hau. A bushe ake gugar mastik, yana shan ruwa ya sa tsatsa ta ƙasa.

Daga nan sai fentin shimfiɗa mai hana tsatsa, hawa biyu ko uku, ya kwana, ka shafe shi da lamba 600. In kuɗinka a nan suka ƙare, ka tsaya, ba abin kunya ba ne. Ƙarfe dai ya rufu. Sitika mai faɗi irin ta samfurin babur ɗin za ta rufe wurin. Ka fesa ruwan sabulu kaɗan kafin ka manna don ka iya gyara zamanta, ka matse ruwan da kati daga tsakiya zuwa gefe. Kai da ke koyon ɗinki ma za ka iya ɗinka masa rigar tanki ta leda mai shafi mai laushi a ciki, irin ta 'yan kabu-kabu, sai dai a riƙa cire ta ana kakkaɓe yashi, in ba haka ba ita ma ta zama samfefa.

In za a fesa launi, ga inda mutane ke asarar kuɗi. Fentin gwangwani na feshi ba ya jure esansi. Ranar farko da mai sayar da mai a kwalba ya ɗiga maka a bakin tanki, fentin zai yi laushi ya bar sawu. Abin da ke jurewa shi ne barni, wato shafin ƙyalli marar launi da ake yi a saman fenti, mai haɗi biyu da masu fentin mota ke fesawa da injin iska, kuma tururinsa guba ne, ba a yin sa a gida da ƙyalle a hanci. Dabarar mai ƙaramin kuɗi ita ce ka yi duk aikin kankara da mastik da shimfiɗa da kanka, don nan ne mafi yawan ladan mai gyara yake, sannan ka kai wa mai fenti tankin a shirye tare da murfin gefe don ya haɗa launi a kansa. Ka roƙe shi ya haɗa naka da ranar da yake fesa wata jar mota. A fesa tankin gaba ɗaya, faci a tsakiyar ja ba ya ɓoyuwa. Gwangwanin feshi ka bar shi ga gardabu da murfi: ka girgiza minti biyu cur, ka riƙe shi nesa da santimita 20 zuwa 25, hawa uku sirara, minti 10 tsakaninsu. Da sassafe za ka yi, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Da rana tsaka fentin yana bushewa tun a iska, ya sauka da kaushi. In gardabun PP ne, fenti ba ya zama a kansa sai da shimfiɗa ta musamman ta roba. In ba ka samu ba, ka bar gyaran ta ciki kawai, ka rufe layin waje da sitika.

Ƙananan kankara kuma ka jiƙa su da ruwa ka gani. Wadda ta ɓace in ta jiƙe, kuma farce ba ya maƙalewa a cikinta, a saman barni take: samfefa lamba 2000 da aka jiƙa a ruwan sabulu, guga mai sauƙi, sai man goge mota da tsumma mai laushi. Salansa in baƙa ce, ka goge da lamba 240 ka fesa fenti mai jure zafi, wanda aka rubuta digiri 600 a gwangwaninsa, na gama-gari zai ƙone a tafiyar farko. In mai ƙyalli ce, gurjewar ba ta gyaruwa, sai dai ka hana ta tsatsa: ka dunƙule takardar alminiyum ka jiƙa ka goge, ka shafa ɗan mai. Kada ka bi masu shafa wa robobi baƙin mai ko man birki don su yi sheƙi. Na farko yana tara ƙura, na biyu yana cin fenti.

Game da jaka 40 ɗin nan, ka koma wurin mai gyaran ka ce ya rarraba maka kuɗin abu-abu: nawa kaya, nawa fenti, nawa ladan hannu. Ba lallai ne ya cuce ka ba, wataƙila ya yi lissafin sababbin kaya ne gaba ɗaya. In ka cire robobin da za ka gyara da kanka da shirin tanki, abin da ya rage zai matso kusa da aljihunka, kuma ɗinkin Salla yana tafe, za ka iya roƙon maigidanka ya ba ka wani abu a kan aikin da za ka yi. Ka fara da makanike gobe, robobi cikin satin nan, tanki kuma ya jira amsar yayanka, amma a gama shi aƙalla sati biyu kafin saukarsa, don sabon fenti yana son aƙalla kwana 14 ba wanki da omo ba man gogewa. Ka ajiye tsohon hannun birki da fasasshen madubi a leda, ka rubuta abin da ka kashe a takarda, ka miƙa masa su tare da makulli.